Guntun taya a ƙarƙashin a-kori-kura

A Kano in za mu sayi mota, fenti muke fara dubawa, sai kujeru, sai mu kunna na'urar sanyi mu ji ko tana busawa. Da wannan idon na bi ta Jibiya da Ɗan Isa na shiga Madarunfa, garin tafki da kaburburan waliyyai 99 a kudu da Maraɗi. Can kuwa na tarar direba ba ya yabon mota sai ya durƙusa ya leƙa cikinta.

Tsofaffin Peugeot 404 da 504 a-kori-kura ne suka ja hankalina, irin waɗanda muka yi wa ritaya tuntuni, alhali a Kaduna aka riƙa harhaɗa Peugeot tun 1975. Wata na gani an ɗage bayanta a garejin bakin hanya. Bakaniken, dattijo mai furfura a gemu, yana yanka tsohuwar tayar babbar mota da wuƙa, yana tsoma wuƙar a ruwa don ta shige. Ya jera yanka uku, ya huda su da ƙarfe mai zafi, ya ɗaure da noti a jikin shasi, daidai saman hancin aksil inda farfela take shiga. Tsakanin robar da ƙarfen bai fi yatsa biyu ba.

"Baba, wannan kuma na mene ne?"

"Alhaji, kai ɗan kwalta ne," in ji shi. "Taho ka gani."

Na tattare babbar rigata na tsuguna, yara suna ta kallona. Ya ce in mota ta shiga rairayi da lodi, direba ya taka wuta, tayoyi suna juyawa gaba, shi kuwa aksil sai ya nemi juyawa baya. Hancinsa ya ɗaga sama, sifirin ya lanƙwashe, ya saki, ya sake lanƙwashewa. Nan taya take fara tsalle tana tonon rami, motar duka tana kakkarwa kamar mai masassara. In aka matsa mata, ko sifirin ya tsinke ko kuros ɗin farfela ya fashe, kuma a tsakiyar yashin Gulbin Maraɗi ba wanda zai sayar maka da wani. Robar ce take tare hancin kafin ya yi nisa.

Abin da ya ba ni dariya, wannan dabara tana da 'yar'uwa a Amurka, inda ba a san buhun gero ba. A shekarun 1960 kamfanin Chrysler ya fitar da motoci masu ƙaton inji, irin su Dodge Charger da Plymouth Road Runner ta 1968, wasu da injin Hemi 426 mai ƙarfin doki 425, duk a kan sifirin irin na a-kori-kura. Suna zuwa da dunƙulen roba ɗaure a hancin aksil, yana dukan ƙasan motar in hancin ya ɗaga. Samarin da ke tseren rubu'in mil sukan ƙara masa tsawo don taya ta kama kwalta tun daga tashi. Su ƙarfi ne ya yi musu yawa, su Baba kuwa yashi da lodi. Ni da nake ƙorafi in mota ta ɗan girgiza ni a Titin Zariya, ban taɓa tambayar abin da yake riƙe da ni a ƙasa ba.

Sai dai akwai inda ban bi direbobin Madarunfa ba. Ran kasuwa na ga an labta wa irin wannan mota buhuna, an ɗora awaki, mutane sun zauna a sama ƙafafu na lilo, har bayanta ya kwanta a kan robar tun kafin ta bar tasha. Robar ba ta ɗaukar kaya, murɗewa kawai take hanawa, kuma 504 a-kori-kura an yi ta ne don tan ɗaya da 'yan kai.