Kwamfutar da ta daina magana ba ta mutu ba

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, masu tsofaffin kwamfutoci da yawa sun koma Linux. Ina cikinsu. A shagona da ke Takeita, cikin gundumar Garagumsa, ina tura wa mutane karatun Alƙur'ani, wa'azi da waƙoƙi a katin waya. Abincina a kunne yake, domin ba mai biyan kuɗin abin da bai saurara ba.

Wata rana ana cikin sabunta Ubuntu sai wuta ta ɗauke. Da ta dawo, kwamfuta ta tashi lafiya lau, amma ko tari ba ta yi. Wajen saitin sauti ba sunan lasifika, sai "Dummy Output". Wani maƙwabcina ya ce: "Malam, ka kai ta Damagaram a wanke ta." Wankewa kuwa na nufin asarar tarin karatun da na yi shekaru ina tarawa, ga kuɗin mota, ga yinin kasuwa.

Abin da ya faru shi ne an sauya kanel, wato zuciyar tsarin, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Ita ke magana da kayan ƙarfen kwamfuta, kuma direbobin sauti na ALSA tare da ita suke tafiya. A Ubuntun da nake amfani da ita a lokacin, da yawansu suna cikin wani ƙunshi daban mai suna linux-modules-extra. Idan sabuwar kanel ta sauka ƙunshin bai kammala ba, kwamfuta ba za ta ga katin sautinta ba.

Na fara da mai sauƙi: waya a jone take, lasifika na aiki da salula. Na rubuta aplay -l, aka ce babu katin sauti. Ke nan ba batun kashe murya ba ne, wanda alsamixer ke gyarawa da danna M. Sai na sake kunna ta, na shiga jerin GRUB, na zaɓi tsohuwar kanel, wadda Ubuntu ke ajiyewa don irin wannan rana. Nan take murya ta dawo. Daga nan na rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install, aikin da ya katse ya ƙarasa. Sabuwar kanel ma ta yi magana.

Ya kai mai karatu, a garuruwanmu da wuta da rezo ba su da tabbas, kada ka fara sabuntawa sai ka kwafe ajiyarka a wani faifan. Kafin ka yarda a wanke maka na'ura, tambayi kanka: me ya sauya tsakanin jiya da yau? Sau da yawa amsar tana nan, kuma ba ta cin ko dala. Allah ya sa mu dace.