Ruwan Famfon Tibiri

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ruwan famfo ya iso mana Tibirin Gobir, a 1985. Kafin nan daga rijiyoyin fadamar Gulbin Maradi muke sha, ruwa mai laka, sai ya kwana a randa kafin ya kwanta. Rana ɗaya sai ga ruwa garau, ba wari, ba tsaki, daga rijiyar burtsatse mai zurfi. Mata suka yi guɗa. Da aka haifi ƙanena, Inna ta ce shi kam ya huta, ba zai san ruwan gulbi ba.

Haƙoransa ne suka fara. Da ya yi famfara, sababbin suka fito da ja-ja, kamar na tsohon da ya shekara yana cin goro. Daga baya ƙafafun suka soma lanƙwashewa, gwiwoyi na gogar juna. Da dare ya yi ta kukan ƙashi, Inna na matsa masa da man shanu tana cewa, "Yi haƙuri auta, da safe zai bari." Ba ya bari.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Ka tsaya bakin makaranta lokacin tashi, ka ga yara na tafe suna rangaji, wasu da sanda, wasu kai ya yi musu girma. Aka ce shan inna ne, aka ce iska, aka ce sammu. Baba ya karɓo rubutu wurin malam. Ni na riƙe ƙwarya aka wanke allon, da ruwan famfon nan, ƙanena ya shanye. Har yau idan na tuna ƙwaryar nan gabana faɗuwa yake.

Ban san ƙasa na da nata dafin ba. A tunanina, abin da ke ɓata ruwa shi ne abin da ido ke gani. Ashe ruwan da ya daɗe kwance a ƙarƙashin ƙasa yana narkar da abin da ke jikin dutsen da ya rungume shi, kuma namu dutsen sinadarin fuloraid ne da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Namu ya ninka haka fiye da sau uku. Ba ya canza ɗanɗano, tafasawa ba ta fitar da shi. Ƙashin yaro mai tasowa yake kamawa, balle a gari mai zafi da ake yini shan ruwa, ga ƙarancin madara a gidajen talakawa. Mu da muka tasa kafin famfon ya zo, ƙashinmu ya riga ya yi ƙwari.

Kusan shekara goma sha biyar ana sha kafin a daina amfani da rijiyar. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto kan yaran Tibiri, dubbai ne abin ya shafa. A 2010 kuma rediyo ya kawo labarin Zamfara, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Inna ta saurara har ƙarshe, ba ta ce uffan ba.

Ƙanena tela ne yanzu. Da keken hannu yake ɗinki, don ƙafafun ba sa iya taka na ƙafa.