Abin Da Ke Cin Mangwaro Kafin Ya Kai Kasuwa

A shekarun da na yi ina gabatar da shirin manoma a rediyo, babu kukan da na fi ji daga masu lambu na yankin Basunda kamar na ruɓewar kaya. Mutum ya ɗebi mangwaro ko tumatir lafiya lau, kafin mota ta kai Gadarif ƙasan kwando ya zama kunu. Wasu su ce baki ne, wasu su ce zafi. Ni kuwa da na bincika, sai na tarar fumfuna ce.

Jikin ɗan itace ƙananan ɗakuna ne jere kamar tubali, kuma abin da ya manne su wani danƙo ne da ake kira fektin. Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, shi ya ba shi wannan suna a 1825. Fumfuna ba ta da haƙori. Idan ƙwayarta ta sami ƙujewa ko tsaga a jikin ɓawo, sai ta tsiro, ta riƙa fitar da sinadaran da ke yayyanka fektin gunduwa-gunduwa. Da danƙon ya narke, ɗakunan sai su rabu, ruwa ya tsiyayo, ita kuma ta sha zaƙin ta ƙara yaɗuwa. Tun 1886 masanin Jamus Anton de Bary ya nuna cewa ruwan da aka tace daga ruɓaɓɓen tsiro yana narkar da lafiyayye. Ashe gaskiyar Bahaushe ce, wake ɗaya ke ɓata gari.

Zafi da laima su ke hanzarta wannan aiki. Mu kuwa ƙasarmu baƙar laka ce. Da damina ta sauka mota takan kwana a hanya, fumfuna tana ta cin guminmu.

Wani abin mamaki, kamfanonin lemon kwalba da kuɗinsu suke sayen wannan sinadari. Ana kiwon baƙar fumfunar nan, Aspergillus niger, irin wadda muke gani a jikin albasa, don ruwan 'ya'yan itace ya fita da yawa ya kuma yi garau.

Shi ya sa nake yawan roƙon masu saurarena: kada a girgiza bishiya, a tsinka da hannu. A ajiye a inuwa, a ware duk mai rauni, a wanke kwandon jiya a shanya. Gyaran hanya sai hukuma, amma toshe wa fumfuna ƙofa yana hannunmu.