Shekarar da Kokwamba Ta Ruɓe Mana a Bibemi

Daminar 2012 ta bar wa mutanen kwarin Binuwai tabo. Ruwa ya yi yawa a Agusta da Satumba, madatsar Lagdo ta cika har aka saki ruwa, kogin Mayo Kebi ya tumbatsa. Da ambaliya ta janye, fadama ta daɗe ba ta tsane ba. A kan wannan danshin ne kawuna ya kafa rumfar leda ya shuka kokwamba, da niyyar kaiwa kasuwar Garwa. Ni ne ɗan ban ruwa.

Saboda awaki, ya rufe rumfar ruf, ba ta inda iska za ta shiga. Da sassafe sai ka ga gumi ya taru a jikin leda yana ɗiga kan ganye. Shuka ta yi yaɗo, ta yi 'ya'ya gwanin sha'awa, duk suna kwance a ƙasa. Sai mun zo tsinka muka ga ta'asa. Ka ɗago kokwamba, samanta kore shar, amma gefen da ya taɓa ƙasa ya yi laushi, ya jiƙe, yatsa na nutsewa. Kwana biyu sai farar funfuna ta lulluɓe wurin kamar an manna auduga, ga wari. Waɗanda muka ɗauka lafiyayyu ne muka zuba a buhu, kafin mota ta wuce Pitowa ta kai Garwa, ruɓaɓɓiya ɗaya ta shafa wa na kusa da ita.

Maƙwabta kowa da tasa. Wani ya ce tsutsa ce, wani ya ce kambun baka. Da yake ƙasarmu ta noman auduga ce, har aka kawo ragowar maganin ƙwarin auduga aka fesa. Ruɓa ko gezau.

Malamin gona ne ya warware mana. Ya tsuguna, ya damƙi ƙasa ya matse, ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Baba, ba ƙwaro ba ne. Ciwon a ƙasa yake, ruwa ke kai shi, zafi da rashin iska ke raya shi. Maganin ƙwari ba ya taɓa funfuna, kuma haɗari ne ga mai cin kokwamba ɗanya."

Ranar muka naɗe ledar gefe. Muka kafa sanduna, muka ɗaure igiya, yaɗo ya hau sama. 'Ya'yan da ba su ɗagu ba muka shimfiɗa musu busasshen karan dawa. Ruɓaɓɓu muka kwashe muka binne nesa da lambu, muka rage ganyen ƙasa, muka yanka lambatu. Ban ruwa ya koma da safe, a gindi, ba a kan ganye ba. Bayan duk wannan ne malamin gona ya yarda a fesa maganin funfuna, bisa awon da ke jikin takardar maganin, kuma a jira kwanakin da aka ƙayyade kafin tsinka.

Tsinkar farko ta tafi, amma ta baya ta kai kasuwa lafiya, a kwando maimakon buhu. Da shekara ta zagayo kawu bai maimaita kokwamba ko kankana a wurin ba. Masara ya sa, ya mai da rumfar kan tudu.