Haɓo ba kullum ne zafin rana ba

'Yan uwa ɗalibai, don Allah mu daina raina haɓo. A Maiduguri, da hunturu ya busar da hanci, ko zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai mu ce ai yanayi ne kawai. Galibi haka ne, jinin daga gaban hanci yake fitowa. Ka zauna, ka sunkuyar da kai, ka matse wajen taushin hancin minti 10 zuwa 15. Kar ka ɗaga kai sama, maƙogwaro jinin zai bi.

Amma akwai wanda daga can ciki yake ɓallewa. Kawun wani abokin karatuna a Dusuman, mai hawan jini, kwana biyu yana zubarwa, an cusa masa auduga a asibiti bai tsaya ba. Wallahi har mun fara cire rai. Ƙarshe aiki aka yi masa: likita ya zura siririyar kyamara ta ƙofar hanci, ya ɗaure jijiyar da ke kai jini bayan hancin, ba a yanka fuska ba.

Haɓo ya wuce minti 20, ko jiri ya fara, a garzaya UMTH, akwai likitocin kunne, hanci da maƙogwaro. Allah ya ƙara mana lafiya.