Yadda Na Sake Ɗan Jagora

Tun da na shigo kwalejin nan ba a yin mako guda wani bai tsaya a bakin ɗakinmu ya kasa kunne ba, sa'an nan ya ce, "Malam, wane Bature ne ka ɓoye a ciki ya ke ta zuba haka?" Da tambayar ta yi yawa sai Edita ya ce in ba da amsa gaba ɗaya a nan, kowa ya huta. To, ga ta.

Ni mutumin ƙasar Kauru ne, makanta kuwa ba baƙuwa ba ce wajenmu. Da yawa cikin kakanninmu masu noman bakin rafi sun makance saboda cizon wani ɗan baƙin ƙuda, kafin a soma rabon maganin Mectizan, wanda masu yinsa suka yi alkawarin bayarwa kyauta tun 1987. Ni ba ƙuda ne ya kama ni ba, ƙyanda ce, ina da shekara 7. Kafin nan na sha ganin tsofaffin nan ranar kasuwa, yaro na gaba riƙe da kan sanda, tsoho na biye. Abin da uwata ta hango ke nan ta yi ta kuka. Allah ya sa faston ƙauyenmu ya san Gindiri, inda mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a 1953. Can aka kai ni, na koyi karatu da yatsu, watau rubutun nan mai ɗigo 6 wanda Louis Braille na Faransa ya fitar a 1829.

Amma rubutun ɗigo tsakaninmu ya ke tsayawa. Hedimasta ba ya iya karanta shi, mai duba malamai ma haka, malami kuwa dole ya nuna shirin darasinsa a sa masa hannu. Saboda haka da na gama sakandare na tafi Kaduna na koyi kwamfuta. A nan na fara gamuwa da abin da a ke kira mai karanta allo. Wata manhaja ce da ke faɗa wa makaho da murya duk abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta. Ka taɓa harafi ta faɗe shi, ka sauka layi ta karanta maka, saƙo ya faɗo ta gaya maka. Ɗan jagora ne sosai, sai dai ba ya neman a raba sadaka da shi.

Wanda aka koya mana sunansa JAWS. Wani Ba'amurke ne, Ted Henter, wanda ya makance a haɗarin mota a 1978, ya kafa aikinsa, na Windows kuwa ya fito a 1995. Ba ni da abin zargi a kansa ko kaɗan. Shekara 4 muna tare, har kunnena ya saba da muryarsa na riƙa ƙara mata sauri, ta kai inda ku masu ido ba ku jin kome sai ɓaɓatu. Abu guda ne, na sayarwa ne, kuɗinsa ɗaruruwan daloli, ni kuwa kwamfutar ma tsohuwa ce kawuna ya saya mini da kuɗin citta. Masu shi sun yi kirki sun bar shi ya yi wa mai gwaji aiki na minti 40 kyauta, daga nan sai ka kashe kwamfuta ka sake kunnawa. Ni sai na mai da gwaji wurin zama. Na ce ai darasi ma minti 40 ne, mun yi daidai.

Ranar da na gane wautata ita ce lokacin da aka tura mu koyarwar gwaji a wata makaranta ta ƙauye. Gobe mai dubawa zai zo, yau da dare ina rubuta shirin darasin Hausa na aji biyu. Babu wuta tun safe, batir ya yi ƙasa, sai na yi ƙyashin kashewa da kunnawa, na ci gaba da rubutu ban lura da lokaci ba. Ina tsakiyar jimla mintina 40 suka cika, murya ta ɗauke. Jama'a, ku da ku ke gani, ku ɗauka an hure muku fitila cikin ɗakin da ba ku sani ba. Na danna maɓallan adanawa, na san kuwa kwamfuta ta yi mini wata tambaya, amma mece ce, oho. In na danna ba daidai ba aikin sa'a guda ya tafi. Ƙarfe 11 na dare na lalubi sandata na je na buga ƙofar mai gidan da aka sauke ni, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, a tasar mini yaron nan ya duba mini abu." Yaron kuwa ɗan ajina ne. Ya zo da magagin barci ya karanta mini, aiki ya tsira. Washegari na tsaya gabansu ina Malam, amma zuciyata na can wajen tsofaffin kasuwarmu da yaro a kan sanda.

Da muka dawo hutu na gaya wa wani tsohon abokina na Gindiri. Ya yi mini dariya har da buga ƙafa, ya ce, "Kai har yanzu ba ka koma NVDA ba?" Na sha jin sunan, na ƙi ne kawai, don a ganina abin kyauta ba ya kai na kuɗi. Ashe makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka soma shi a 2006, musamman domin irina da ba su da abin saye. Ya zuba mini shi a 'yar filasha, ya nuna mini yadda zan soka ta a kowace kwamfuta mai Windows ta yi magana ba sai an girka kome ba.

Kada wani ya ce muku sauyin nan sauƙi gare shi. Yatsu ba su sha wuya ƙwarai ba, gama maɓallai da yawa ɗaya ne. Insert da kibiyar ƙasa karanta duka ne a nan da can, harafin H na tsallaka da kai daga kan magana zuwa kan magana a shafin intanet, Insert da F12 ya gaya maka lokaci. Waɗanda suka bambanta, kamar Insert da Q na rufewa maimakon Insert da F4, mako biyu suka zauna. Kunne ne ya yi gardama. Muryar da abokina ya sa mini, eSpeak sunanta, ta yi mini kamar ƙwaro cikin gwangwani. Na mai da sauri baya kamar ɗan koyo, kaina ya riƙa ciwo, sau uku ina komawa wajen tsohon jagorana da dare kamar mai yaji.

Abin da ya tsai da ni Hausa ce. Cikin muryoyin da ke kwamfutata babu ta Hausa, muryar Ingilishi kuwa duk kalmar da ta gani da ka'idar Ingilishi ta ke karanta ta. Rubuta "mace ta dafa wake da fate" ka ji abin kunya, sai ta ce "mes ta dafa wek da fet". Dā na haƙura da wannan, na koyi fassara shirmen a kaina. Sai abokin nan nawa ya ce in gwada muryar Suwahili da ke cikin eSpeak. Kai! Ranar na ji kwamfuta ta ce "wake" sosai, wake na ci. Dalili kuwa shi ne rubutun Suwahili kamar namu ya ke, wasali biyar, kowane da faɗarsa guda. Karin sauti ba ta san shi ba, dogon wasali da gajere duk ɗaya ne a wurinta, amma a ce mutum ya ji maganar baƙo mai ƙoƙari ai ya fi ya ji ta wanda bai san ma Hausa ya ke karantawa ba.

Saura haruffa masu ƙugiya. Malamin Hausa da ba ya rarrabe "ƙafa" da "kafa", ko "ɓata" da "bata", me zai gyara wa yara? Akwai wurin da a ke koya wa manhajar yadda za ta faɗi alama, nan na zauna yini guda na shigar da su ɗaya ɗaya, manya da ƙanana. Yanzu in ina bin kalma harafi harafi na iso kan ƙ sai ta ce "ka mai ƙugiya". Gaskiya JAWS ma yana da nasa ƙamus na gyaran furuci, da na nema da na samu. Minti 40 ne bai taɓa barina na zauna na nema ba.

Ban kore shi ba fa. Yana nan, wani shafin in ya gagari wannan sai in kira wancan. Na kuma koyi na uku, Narrator, wanda ke zuwa cikin Windows ɗin kansa. Control da maɓallin Windows da Enter, ka danna tare ya yi magana. Da na san haka a daren nan da ban ta da ɗan mutane daga barci ba, kuma har yau in na tuna sai in ji haushin kaina. A waya kuwa TalkBack ne, masu iPhone su ce VoiceOver, wannan labari ne na wata rana.

Shekara mai zuwa in Allah ya yarda za a tura mu aiki, ni kuwa gida na ke roƙo, ko Geshere ko Damakasuwa. Filashar na rataye ta a wuya tare da mabuɗin akwatina. Wanda ke son jin Baturen nan yana Hausa da bakin Suwahili ya zo ɗakinmu bayan tuwon dare, amma don Allah kada ya taɓa mini maɓalli.