Hanyar Droum: mai ɗaki a mota shi ne bakaniken kansa

Droum gari ne na manoma a kudu maso yammacin birnin Damagaram, cikin gundumar Mirriya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna ƙaramar hukumar tana da mutum sama da dubu 100, warwatse cikin ƙauyuka da rugage, suna noman hatsi da dawa da wake da gyaɗa a jigawa, in rani ya yi kuma su sauka fadama aikin garka. A taswira, Droum tana bakin ƙofar Damagaram ne. Amma duk wanda ya bar kwalta ya shiga hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan nan ya san ba da kilomita kaɗai ake auna nisa ba, domin kuwa akwai rairayi mai riƙe taya, akwai ƙura, akwai rana, kuma in mota ta tsaya babu gareji kusa. A irin wannan ƙasa, jama'a masu karatu, ran inji yana hannun mai shi, kuma aiki na farko da ya kamata ya iya da hannunsa shi ne juyen baƙin mai, wanda masu gareji na birni ke kira bidanji.

Ƙasar Damagaram ta daɗe da sanin matafiyin da ke ɗauke da gidansa. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, birnin babban zango ne ga ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Kano, kuma ba a naɗa madugun da bai iya jinyar raƙumi ba. A ƙarshen 1924 motocin Citroën masu tafiya bisa sarƙa suka ratso Sahara suka biyo ta Yamai da Damagaram kan hanyarsu ta zuwa Cadi. Daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1980 kuwa, hanyar Tamanraset, Asamaka, Arlit, Agadas, Tanut da Damagaram ta cika da Turawa ƴan yawon buɗe ido. Wasu sun zo da Peugeot 504 suka sayar suka koma gida a jirgi. Wasu kuma sun zo da mota mai ɗaki, wadda aka gina wa gado da murhu da randar ruwa a baya, suna kwana inda dare ya riske su. Tawayen arewa da ya fara a 1990 da rikicin Aljeriya na 1992 suka rage su ƙwarai, sace ma'aikata a Arlit cikin 2010 ya kusan rufe hanyar gare su. Yau da wuya yaron Droum ya ga irin wannan mota.

Abin da ya saura shi ne darasin da ke cikin akwatinsu. Wanda ya shirya wa hanya daga cikinsu yakan zo da jarkar baƙin mai, da filta, da kile, domin ya san akwai ɗaruruwan kilomita inda ba wanda zai kwanta ƙarƙashin motarsa in ba shi ba. Mu ma muna da masu ɗaki a mota, ko da ba a yi musu gado ba: direban kamyo da ke kwana a kan kaya, ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye mako bakwai-bakwai yana awon wake, ma'aikacin gwamnati da ke rangadi a kat-kat ta sabis. Ga kuma injin niƙa da tarakta da injin wuta, dukansu baƙin mai ke riƙe da su.

Aikin baƙin mai huɗu ne. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna, yana kwashe zafi daga fistan, yana toshe ƴar kafar da ke tsakanin fistan da bangonsa, yana kuma wanke datti ya kai wa filta. Injin gazuwal yana da ƙunar baƙi mai yawa, shi ya sa sabon mai kan yi baƙi cikin ƴan kwanaki. Saboda haka launi ba ya nuna mai ya mutu, kuma masu duba sandar awo su ce “da sauransa” suna ruɗin kansu ne. Abin da ke kashe shi a ƙasar nan abu biyu ne: zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke tsinka shi, da ƙurar hunturu, wadda in ta sami hanya ta shiga sai ta haɗu da mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin inji a hankali ba tare da ƙara ba.

Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ da ke arewa da birni, kan hanyar Tanut, take tace ɗanyen man Agadem, an gina ta ne don ganga dubu 20 a rana, tana fid da gazuwal da esansi da iskar gas. Baƙin mai kuwa sayo shi ake yi, mai yawa ta hanyar Kano, kuma a nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe ido. Tun faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin kayan waje ya ninka, mutane suka saba da neman mai araha, na awo a kwalba, wanda ba a san daga wace ganga ya fito ba. Araha ba ta ado. A nemi galan mai hatimi, a karanta abin da ke jikinsa. Ga tsofaffin injunan gazuwal na ƙasar zafi, 15W-40 shi ne aka fi sani: lambar farko tana nuna yadda yake gudu da sanyin safiya, ta biyu kaurinsa in inji ya yi zafi. A duba kuma haruffan API: wanda ya fara da C, kamar CF ko CI-4, na gazuwal ne, wanda ya fara da S kaɗai na esansi ne. Sababbin motoci masu matatar hayaƙi suna da nasu mai dabam, a bi littafinsu.

Mun ga yadda ake aikin nan a wani ƙauye na ƙasar Droum, kashegarin kasuwa, wurin wani dattijon direba mai tsohuwar Land Cruiser, wanda ya yi yaran gareji a Damagaram zamanin da Turawan nan ke wucewa. Da hantsi ya fara, kafin iska ta tashi, domin buɗe inji cikin guguwa zuba masa rairayi ne da hannunka. Ya zaɓi wuri mai tauri, miƙaƙƙe, ƙarƙashin gawo. Ya tada mota ta yi kamar minti goma don mai ya yi ɗumi ya tsinke, ya kashe, ya ja birkin hannu, ya sa duwatsu gaba da bayan taya. Motarsa tana da tsawo, bai buƙaci jak ba. Ya ce mana wanda tasa ke buƙatar ɗagawa ya shimfiɗa katako ƙarƙashin jak, ya kuma tokare motar da kututture, domin jak a kan rairayi ba amintacce ba ne, kuma mota mai ɗaki tana da nauyi ƙwarai.

Daga nan ya goge bakin zuba mai da tsumma, ya buɗe shi, ya shimfiɗa buhu ya kwanta. Ya tura rabin jarka da aka yanke ƙarƙashin tukunyar mai, mai faɗin da zai ɗauke duka, tun da injin nan mai fistan shida yana cin kusan lita 10, alhali ƙananan motoci masu ɗaki na Turai, irin waɗanda aka gina kan Fiat Ducato, lita 6 zuwa 7 suke ci. Ya sassauta noti da kile daidai bakinsa, ya ƙarasa da yatsu, ya janye hannu da sauri saboda zafi. Ya bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Kafin ya zubar da ido daga kansa sai da ya murza kaɗan tsakanin yatsu ya duba a rana: in da ƙyalƙyalin ƙarfe, inji na cin kansa, in kuma ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. Ko wanne aka gani, maganar ta wuce juye, sai babban gareji. Ya sa sabuwar washar jan ƙarfe, ya mayar da noti, ya ɗaure da ƙarfin hannu ɗaya. Masu taka kile da ƙafa su ne ke cinye zaren tukunya.

Filta ita ce inda rowa ke kama mutane. Tsohuwar filta tana riƙe da dattin watanni, kuma sabon mai a cikinta kamar sabuwar fura ce a ƙwaryar da ba a wanke ba. Dattijon ya kwance ta, ya tabbatar tsohuwar robar bakinta ba ta manne a jikin inji ba, ya shafa wa robar sabuwar ɗan mai, ya murza ta da hannu har ta taɓa, ya ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ya tsaya. Ya zuba mai da mazurari mai tsabta, ya rage kaɗan daga adadin, ya tada mota ba tare da taka totur ba, idonsa na kan jar fitilar mai har ta mutu cikin ƴan daƙiƙu. Ya leƙa ƙasa ko akwai yoyo, ya kashe, ya jira minti biyar, ya zaro sandar awo, ya cika har tsakanin zane biyu. Wuce zanen sama ba alheri ba ne: mai kan yi kumfa, ya fasa roba, kuma injin gazuwal yana iya shan nasa man ya yi ta gudu ko an zare makulli. A ƙarshe ya fid da filtar iska ya kakkaɓe, ya tsiyaye ruwan da ya kwanta ƙasan filtar gazuwal, ya rubuta kwanan wata da kilomita a bangon ƙofa. Duka aikin bai kai awa ɗaya ba.

Yaushe ya kamata a yi? Littafin tsofaffin motocin gazuwal yakan ce kowace kilomita dubu 5, kuma shi kansa littafin yakan ce a rage inda ƙura da zafi suka yi yawa. Kilomita ɗari a rairayin Droum, da giya ta biyu, ta fi ɗari uku a kan kwaltar Yamai wahalar da inji. Injin niƙa da injin wuta ba su da kilomita, awoyin aiki ake ƙirga musu, don haka mai su ya ajiye littafi kamar yadda yake rubuta bashi. Motar da ke yawan zama, kamar mota mai ɗaki ko motar sabis da ke jiran kasafi, a juye mata ko da sau ɗaya a shekara, domin mai yana lalacewa a zaune. Ɗan kasuwa ya yi lissafi da kansa: kuɗin lita goma da filta a gefe guda, a ɗaya gefen kuɗin sauke inji, da jan mota zuwa birni, da makonnin da kasuwa ke ci ba da shi ba. Ma'aikacin da aka damƙa wa motar hukuma shi ma ya tuna, in ta mutu, allurar rigakafi ko takin manoma ne bai isa ƙauye ba.

Saura maganar da ta fi kowace nauyi, wato inda tsohon mai zai tafi. Sanin kowa ne Damagaram birni ne mai ƙishirwa, yana zaune kan dutse, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka mayar da babban birni Yamai a 1926. Wani kaso na ruwan da birnin ke sha daga rijiyoyin Gogo da Macaya yake zuwa, a kudancinsa, wannan shiyya tamu ke nan. A fadamun kudu ruwa yana kusa da sama, rairayi kuma ba ya riƙe komi. Man da aka zubar bakin garka yau, rijiya zai nufa. Yana ɗauke da ƙurar ƙarfe da guba mai sa ciwon daji a fata in ana yawan taɓa shi, saboda haka shafa shi a gyambon jaki ko ƙazuwar raƙumi, kamar yadda wasu ke yi, cuta ce kan cuta. Dattijon nan juye nasa ya yi cikin jarka ya toshe, ya kifa tsohuwar filta ta tsiyaye a ciki, ya ɗora a bayan mota don ya kai gareji a birni inda ake tara shi, sa'an nan ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa goro.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke kwanciya ƙarƙashin motarsa sau uku ko huɗu a shekara zai ga tiyon da ya fara tsagewa da notin da ya saki tun kafin su tsayar da shi tsakanin ƙauye da ƙauye. Ba mu ce a bar masu gareji ba, aikinsu yana nan. Amma kile ɗaya, da filta, da galan mai hatimi, da jarkar mayar da tsohon mai, ba su fi ƙarfin kowane mai mota ba. Allah ya kiyaye hanya.